Rufin da ba zai gasa ka a bazarar Katsina ba: kwano, alminiyam, mai tsakuwa ko dekin?

Duk wanda gininsa ya wuce linta a Katsina, maganar rufi ce ke hana shi barci. Mai sayar da kwano zai yi masa maganar kauri da kuɗin bandir, kafinta zai yi masa maganar katako da ƙusa, uwargida kuma ta riga ta ga wani launi a GRA ta ce ita shi take so. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda rufin zai yi da rana. Alhali daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan ke taɓa digiri 40 har ya gota, rufi ne ke yanke hukuncin ko mutum zai yi ƙailula a ɗakinsa ko kuwa sai ya ɗauki tabarma ya nemi gindin bedi.

Rufi fuska biyu gare shi, kuma abin da ake nema a ta sama kishiyar abin da ake nema a ta ƙasa ne. Ta sama ana so ta mayar da hasken rana inda ya fito, ɗan abin da ta sha kuma ta yi saurin fitar da shi. Ta ƙasa, wadda ke kallon silin ko kan mutane, ana so ta zama marowaciya, ta riƙe zafinta kada ta saki. Da wannan ma'aunin zan gwada rufin da ke kasuwa, kuma za a ga mai tsada ba lallai ne ya ci jarrabawar ba.

Huci, da dalilin da ya sa wani abu ya fi wani

Zafi hanya uku yake bi. Akwai wanda ke ratsa jikin abu, shi ne ke ƙona hannun wanda ya bar ludayin ƙarfe cikin miya. Akwai wanda iska ke ɗauka ta kai gaba. Na ukun shi ne huci, wanda ke dukan fuskar mutum idan ya tsaya gaban tukubar mai tsire ko da iska ba ta kaɗowa ta wajensa. Huci haske ne wanda ido ba ya gani. William Herschel ne ya gano shi a 1800, da ya raba hasken rana launi-launi ya ajiye ma'aunin zafi a gaban jan launi, inda ba a ganin komai, sai ga ma'aunin ya hau.

Kowane abu yana huci, bango da ƙasa da jikin ɗan Adam, amma ba daidai ba. A 1804 John Leslie ya cika wani akwatin ƙarfe da ruwan zafi, wata fuskarsa a goge tana ƙyalli, wata kuma ya baƙanta ta. Ruwa ɗaya, zafi ɗaya, amma baƙar fuskar ta fitar da huci ninkin baninkin na mai ƙyallin. Mai son ganewa da kansa ya je teburin mai shayi: buta sabuwa fil mai sheƙi da tsohuwa wadda hayaƙi ya rine, duka cike da tafasasshen ruwa. Ka kawo bayan hannunka kusa da gefen kowacce ba tare da ka taɓa ba. Tsohuwar za ka ji tana dukanka, sabuwar kuwa shiru, har ka ɗauka ta huce. Kada dai ka taɓa ta.

Wannan halin shi masana ke kira emisibiti, ni kuwa zan riƙa cewa makin huci. Yana farawa daga 0 ya ƙare a 1. Gogaggen alminiyam da takardar alminiyam mai ƙyalli suna wajen 0.05. Sabon kwano bai kai 0.3 ba. Ƙarfen da ya yi tsatsa yana haurawa 0.6 zuwa sama. Siminti, laka, katako, filasta da fenti duk suna wajen 0.9. Fatar mutum ta kusa cike makin, tana wajen 0.98. Wato a cikin kayan gini, ƙarfe tsirara mai sheƙi ne kaɗai ke rowar huci, sauran duk masu kyauta ne.

Yawan hucin kuma ba a hankali yake ƙaruwa da zafi ba, tsalle yake yi. Josef Stefan ya fitar da ƙa'idar a 1879, Ludwig Boltzmann ya tabbatar da ita da lissafi a 1884. Abu mai cikakken maki idan yana digiri 40, kowane murabba'in mita nasa yana fitar da wajen wat 544. Idan ya kai digiri 70, sai ya koma wat 785.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Farin fenti da baƙin fenti makin hucinsu kusan ɗaya ne, 0.9. Launi ba ruwansa da fitar da zafi, aikinsa yana wajen shan rana. Idan rana ta take, tana sauke kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita. Sabon farin fenti yana mayar da kashi 75 zuwa 85 cikin ɗari na wannan, baƙi kuwa kashi 5 kacal yake mayarwa ya shanye sauran. Saboda haka tambaya biyu ake yi wa kowace fuska: nawa take sha daga rana, nawa kuma take fitarwa. Farin fenti ya ci duka biyun. Ƙarfe mai sheƙi ya yi ƙoƙari a ta farko, ya faɗi a ta biyu.

A Amurka akwai ma'aunin da ake gwada rufi da shi, inda ake ɗauka iska tana digiri 37, rana tana wat 1,000, ga 'yar iska matsakaiciya tana kaɗawa, wato kusan ranar Afrilu a nan. A wannan yanayin baƙin rufi yana kai digiri 82, fari yana tsayawa wajen 45. Idan aka bi lissafin da sauran launuka, ja ko ruwan ƙasa yana wajen 70, ruwan madara wajen 55, sabon ƙarfe tsirara wajen 67. A lura da biyun ƙarshe. Ruwan madara da ƙarfe tsirara kusan rana ɗaya suke sha, kashi 40 cikin ɗari, amma akwai digiri 12 tsakaninsu. Makin huci ne kaɗai ya kawo wannan tazarar: fentin yana sha yana fitarwa, ƙarfen yana sha yana riƙewa.

Kwanon da muka saba da shi

Kwanon bandir, mai falle 20, shi ne rufin talaka, kuma ranar da aka buga shi ba shi da laifi sosai. Samansa yana zafi, gaskiya ne, amma cikinsa mai ƙyalli ne, hucin da yake saukarwa kaɗan ne. Matsalarsa ba ya daɗewa a haka. Hunturu ɗaya ya isa ƙura ta mayar da samansa ruwan ƙasa. Busasshiyar iskar Katsina tana jinkirta tsatsa idan aka kwatanta da Legas ko Fatakwal, amma jinkiri ne kawai, tana nan zuwa, ta fara daga bakin ƙusa da inda falle ya hau falle. Cikinsa ma yana dushewa. Ɗakin da ake girki ko ake kunna garwashi da hunturu, ɗaga kai ka duba: hayaƙi ya shafe kwanon baƙi ƙirin, makinsa ya tashi daga 0.2 ya koma sama da 0.9. Sama yana shan rana, ƙasa yana kwararo huci. Ba rufin da ya kai tsohon kwano mara silin azaba.

Ga lissafin. A ce kwano yana digiri 70, abin da ke ƙarƙashinsa yana 40. Idan cikinsa ya dushe ko an yi masa fenti, yana sauko da kusan wat 200 a kowane murabba'in mita. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12 ya ɗan haura murabba'in mita 13, ke nan wajen wat 2,600. Wannan daidai yake da zafin da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya ke iya fitarwa idan tana aiki ba tsayawa. Da cikin kwanon yana da maki 0.25, da wat 60 ne zai sauko maimakon 200. Da takardar alminiyam ce, wajen wat 12. Shi ya sa fanka ba ta magani a irin wannan ɗakin. Fanka iska take juyawa, huci kuwa ba ruwansa da iska, kai tsaye yake sauka a kan mutum.

Abu ɗaya zan yaba wa kwano: ba ya ajiye zafi. Ba shi da nauyin da zai riƙe komai, rana na faɗuwa yake hucewa. A daren da sama ta yi garau, rufi mai babban maki yana aika hucinsa sararin samaniya har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Abin da ke sa raɓa ta fara kwanciya a kan rufi da gilashin mota ke nan kafin ta jiƙa wani abu.

Wanda yake da tsohon kwano mai lafiya ba sai ya ɓalle shi ba. A kankare tsatsar, a shafa fentin hana tsatsa, a bi da farin fenti hannu biyu. A nan ne nake saɓa wa masu fenti da yawa, don su fentin silba suke kawowa, wai ya fi kama da sabon kwano. Silba tana mayar da kusan rabin rana ne kawai, kuma garin alminiyam da ke cikinta yana rage mata makin huci. A ido ta fi sheƙi, a ma'auni fari ya bar ta nesa.

Dogon alminiyam

Shi kashi biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a magana ɗaya ba. Akwai tsirara, wanda ba fenti sama da ƙasa, akwai mai launi da aka gasa wa fenti tun daga masana'anta.

Tsirara yana da abin mamaki. Idan ka hau kansa da azahar ba ka iya dafa shi, amma cikinsa ba ya sakin huci, kuma da yake alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe, cikin yana daɗewa da ƙyallinsa. Hucin da yake saukarwa, a lissafi, bai fi na farin rufi mai fenti a ciki ba. Inda yake cutarwa shi ne iskar da ke tsakaninsa da silin, wadda yake dafawa ta hanyar taɓawa. Idan an bar wa iskar nan mafita, rufi ne mai kyau.

Mai launi kuwa launin ne ke yanke masa hukunci. Shuɗi mai duhu, kore mai duhu, ja da ruwan kofi, su ake yayi, su ne kuma ke kai digiri 70 zuwa sama. Sannan yawancinsu an shafa wa bayansu wani siririn fenti mai ruwan toka, wanda ya kashe ƙyallin da zai taimaka. Sama ya sha, ƙasa ya saki, ga tsada. Kyan ɗan maciji ke nan. Amma wannan alminiyam ɗin dai, idan fari ne ko ruwan madara, shi ne ya fi duk abin da ke kasuwa dacewa da garin nan. Idan aka yi dace bayansa tsirara ne, to an haɗa fuska biyun da ake nema a falle ɗaya. Kafin ka biya, sa a juya maka fallen ka ga bayansa.

Kauri, milimita 0.45 ko 0.55, maganar ƙarko ce da jure iskar farkon damina mai kwashe rufin mutane. Bai da tasiri a kan zafi. Kada wani ya ce maka mai kaurin ya fi sanyi.

Wani zai ce fari ba ya zama fari a Katsina, kuma ya yi gaskiya. Bayan 'yan shekaru ƙura za ta rage masa haske, ya koma yana aiki kamar ruwan madara. To ko a haka yana wajen digiri 55, ja yana 70. Da yake jikinsa sumul ne, ruwan Yuni da Yuli yana wanke mafi yawan ƙurar. Abin takaicin dai shi ne bazara tana zuwa ne bayan hunturu, lokacin da rufin ya fi datti. Mai hali ya sa a wanke shi a ƙarshen Fabrairu.

Mai tsakuwa

Kwano mai tsakuwa, wanda aka fi sani da Gerard, ƙarfe ne aka manna wa ƙananan duwatsu masu launi. Yana kashe ƙarar ruwan sama, yana daɗewa, yana kuma nuna maigida ya samu. Makin hucinsa na sama babba ne, wannan ya yi. Amma launukan da ake kawowa baƙi ne da ruwan kofi da ja mai duhu, waɗanda ke shanye kashi 75 zuwa 90 cikin ɗari na rana, kuma kaushin jikinsa yana riƙe ƙura. Abin da ke cetonsa shi ne dogon tsayin da ake yi masa, don akwai fili mai yawa tsakaninsa da silin. Tsayin nan kuwa katako ne mai yawa, a garin da ruwan shekara ba shi da yawa. Wanda ransa ya biya ya saya, amma ya sani ado ya saya, kuma ya sa kuɗin takardar alminiyam cikin lissafinsa tun farko.

Dekin da soro

Waɗannan biyun wata hanya daban suke bi. Ba su hana zafi shiga, jinkirta shi suke yi. Dekin mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kusan kilo 360 a kowane murabba'in mita. Siminti mai ruwan toka yana shan wajen kashi 70 cikin ɗari na rana, wannan nauyin duka ya yini yana tara zafi, kuma zafin yakan ɗauki kusan awa 4 kafin ya ratsa. Da azahar ɗakin da daɗi. Daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i sai cikin dekin, mai maki 0.9, ya fara juye abin da ya tara a kan mai kwanciya. Idan aka ɗauke wuta a lokacin, sai dai a fita tsakar gida. Ga kuma abin da ke ƙara dagula lamarin: dekin ya fara yoyo, sai a shimfiɗa masa baƙar kwalta. An toshe ruwan Agusta, an buɗe wa ranar Afrilu ƙofa.

Dekin yana da gyara mai sauƙi, don shimfiɗaɗɗe ne ana iya hawa. A Ahmedabad ta Indiya, bayan zafin da ya kashe mutane da yawa a 2010, hukumar birnin ta fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, daga baya ta shiga shafa wa rufin dubban gidajen talakawa farin fenti na farar ƙasa. Abin da za mu iya yi ke nan kowace shekara kafin bazara. Wanda ya fi haka ƙarfi ya shimfiɗa fararen tayil, ko ya ɗora rumfar kwano a sama ya bar iska tana wucewa ta ƙarƙashi. Faifan sola ma inuwa ne, idan an ɗaga shi daga jikin simintin. Ni dai ba zan ba mutum shawarar dekin a gidan kwana ba sai idan yana da niyyar ɗora bene nan gaba.

Soro ya fi dekin wayo. Laka ba ta kai siminti saurin ratsa zafi ba, kuma magina suna ba ta kauri. Laka mai kaurin santimita 25 takan jinkirta zafi awa 9 zuwa 10, kuma kafin ya iso ya rage ƙarfi. Zafin azahar ba ya shigowa sai dare ya raba, lokacin da mutane suke kwance a tsakar gida, saman soron kuma yana ta aika hucinsa sama. Kafin hantsi ɗakin ya huce. Ga tsayin ɗaurin guga da ƙananan tagogi. Wanda ya taɓa shiga zaurukan Gidan Korau, wato fadar Sarkin Katsina, ko tsohon ginin Kwalejin Katsina da ya zama gidan tarihi, da rana tsaka ya san abin da nake nufi. Hasumiyar Gobarau kuma shaida ce cewa laka tana daɗewa idan ana kula da ita.

Kulawar ce matsalar. Yaɓe kafin kowace damina, share indararo, neman makuba, ga azara ta yi wuya don giginya ta ragu. Soron da aka yi wa sakaci, ruwan Agusta ne ke sauko da shi a kan masu barci. Abin da wasu ke yi a cikin birni, su ɗora kwano a kan soron, ni a ganina shi ne haɗin da ya fi kowanne: kwano ya tare ruwa da rana, laka ta jinkirta abin da ya rage. Sharaɗin kawai a bar tazara tsakani, iska tana shiga tana fita.

Abin da ke tsakanin rufi da kai

Silin, ko na POP ne ko PVC ko na kwali, makinsa wajen 0.9 ne sama da ƙasa. Yana tare hucin rufi, sai shi ma ya ɗau zafi ya sake sakinsa cikin ɗaki, a rage dai. Da la'asar ɗora tafin hannunka a jikinsa za ka ji. Tsohon silin na asbestos kuma a bi shi a hankali, kada a fasa ko a yanka shi a bushe, ƙurarsa tana jawo cutar daji a huhu.

A nan takardar alminiyam, wadda 'yan kasuwa ke cewa foyil, take shigowa. Ita ce ke mayar da wat 200 ya koma 12 a lissafin da ya gabata, kuma kuɗinta kaɗan ne a kan na rufin. Amma sau da yawa ana sa ta ba daidai ba, sai a ce ba ta aiki. Kafinta zai ce, “Alhaji, ai silin ya isa, wannan takardar ɓarnar kuɗi ce.” Idan ya ga ka nace, sai ya manna ta a jikin wani abu ko ya shimfiɗa ta a kan silin. Duka biyun asara ne. Ƙyalli ba ya aiki sai yana kallon fili. Fuskar da aka matse tsakanin abu biyu, zafi ratsa ta yake yi kai tsaye, don alminiyam ya fi yawancin ƙarafa saurin ɗaukar zafi. Ana so a bar mata tazarar aƙalla santimita 2 zuwa 3. Wadda aka shimfiɗa a kan silin tana kallon sama kuwa, ƙurar hunturu za ta rufe ta, makinta ya koma na ƙura. Abin da za ka ce masa shi ne, “Malam, a ƙarƙashin katakon rufi za ka ɗaura ta, ƙyallin ya kalli ƙasa.” Fuskar da ke kallon ƙasa ƙura ba ta zama a kanta, kuma ba ta buƙatar ta mayar da komai, rowar hucinta ce ke aiki. A kuma nisanta ta da wayoyin lantarki, don lantarki yana ratsa ta.

Sai mafitar iska. Ko wane rufi aka zaɓa, a bar ƙofofi a bangon da ke ƙarƙashinsa, gefe da gefe, a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye. Yayin nan na zagaye rufi da doguwar katanga a ɓoye shi yana kare shi daga iskar damina, amma idan ba a huda mafita ba, iskar da ta dahu ba ta da inda za ta. Wanda ya ƙara da shimfiɗa auduga ta gilashi a kan silin ya tare zafin da ke ratsawa ma. Farin kumfa, irin wanda ake zagaye sababbin kayan lantarki da shi a kwali, yana yin wannan aikin, sai dai shi da PVC ba su da daɗin sha'ani idan gobara ta tashi.

Wanne ke nan?

Daidai ruwa daidai tsaki. Mai ƙaramin ƙarfi da ke sabon gini ya sayi kwanon bandir, ya sa foyil da silin, ya yi masa farin fenti da zarar samansa ya fara dushewa. Fenti ma ya fi kama kwanon da ya ɗan sha iska fiye da sabo. Wannan haɗin ya fi jan dogon alminiyam mara foyil sanyi, ko da maƙwabta ba su yaba ba. Mai matsakaicin ƙarfi ya nemi farin alminiyam ko ruwan madara, idan bai samu ba ya ɗauki tsirara, da foyil idan bayan mai fenti ne. Shago, aji ko ofis da ake yini a ciki a tashi da yamma, rufi mai nauyi ya fi dacewa da su, don kafin zafin ya iso an kulle. Ɗakin kwana kuwa rufi mara nauyi mai haske yake so, wanda zai huce kafin isha'i.

Farin rufi yana da nasa kuɗin da ake biya. A Disamba da Janairu ɗakin ba zai ɗumama da rana kamar na mai jan rufi ba. Amma bargo ya fi na'urar sanyaya ɗaki da man janareta araha, kuma watannin zafi sun fi na sanyi yawa a nan. Idan kuma gidanka gajere ne kusa da bene, ƙyallin farin rufi ko tsirara zai iya dukan tagar maƙwabci, a yi la'akari da wannan.

Gani ya kori ji, kuma ana iya gwadawa a bakin shagon mai kwano. A ɗauki guntayen fallen da ake shawara a kai, a ɗora su a kan bulo a rana na rabin awa. Sai ka zura bayan hannunka ƙarƙashin kowanne, tazarar yatsu huɗu, kada ka taɓa. Wanda ya fi dukanka shi zai fi dukan silin. Idan akwai bindigar auna zafi, irin ta makanikai da masu gyaran wuta, ta fi hannu. Ta goshi da aka yi yayi lokacin korona ba za ta yi ba sai mai wurin auna jikin abu, don iyakarta wajen digiri 43. Yawancin bindigogin nan an saita su a kan maki 0.95, saboda haka idan aka auna ƙarfe mai ƙyalli lambar da suke bayarwa ta gaza ainihin zafinsa sosai. A bayan falle wannan ƙaramar lambar alama ce mai kyau, don tana nuna huci kaɗan ne ke fita. Idan kuma ainihin zafin ƙarfen kake so, manna masa guntun baƙin salatif na masu gyaran wuta, ka jira minti biyu, ka auna kan salatif ɗin.